Daga Maraɗi zuwa Dutsen Dala a Yini Ɗaya: Tambayoyi da Amsoshi

Da wuya a sami gida a Maraɗi da babu wanda ya taɓa zuwa Kano. Wani sari ya kai shi, wani jinya, wani biki. Amma a tara waɗanda suka san Kantin Kwari da kasuwar Singa kamar yunwar cikinsu, a tambaye su wa ya taɓa hawa Dala, sai a ga ana kallon-kallo. Da yawa ma in an ce Dala, asibitin ƙashi suke tunawa. Tun da na fara raka ƴan uwa da abokai ganin tsohon birnin, tambayoyi iri ɗaya ne ke ta dawowa, a majalisa da ta waya. Su ne na tattara a nan, daga na farkon shiri zuwa na cikin lungu.

Wai me ke Dala da har mutum zai ɗauki ƙafa tun daga Maraɗi?

In tsawo kuke nema, ba za ku same shi ba. Ƙololuwar dutsen mita 534 ce daga doron teku, kuma da yake garin kansa a kan tudu yake, abin da za a taka da ƙafa bai taka kara ya karya ba. Darajarsa a shekarunsa take. Masu tonon tarihi sun gano alamun narka tama a wurin tun wajen ƙarni na 7, kafin a yi wani gari mai suna Kano. Maƙera ne suka fara zama, don jar ƙasar tana da ƙarfe, ga ruwan Jakara kusa. Daga gindin dutsen nan birni ya yaɗu.

Sauran abin da za ku gani duk ƴaƴan wannan zaman ne. Kundin tarihin sarakunan Kano ya sa farkon mulkin Bagauda a 999. Jikansa Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa. A zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya gina fadar da ake zaune a cikinta har yau, ya kafa kasuwar Kurmi, kuma a zamaninsa Shehu Magili ya sauka a garin. Duk wuraren nan suna cikin ganuwa ɗaya, ba su da nisa da juna.

Wani ƙanena da na fara ce masa za mu je ganin Dala, cewa ya yi, “Yaya, dala guda ce za mu ƙona esansi a kanta?” A bakinmu dala sefa biyar ce. A Kano kuwa an yi dalar gyaɗa, ana canjin dalar Amurka, amma Dala ta asali ita ce wannan.

Anya yini ɗaya zai isa, a je a dawo?

Zai isa, in kun yarda da lissafin da zan ba ku. Tsakanin Maraɗi da Kano kusan kilomita 260 ne, wajen 90 zuwa Katsina, wajen 170 daga Katsina zuwa Kano. A takarda ba wani nisa ba ne. A kan hanya kuwa, ga tsayawar iyaka, ga shingaye, ga jiran mota ta cika, ni ban taɓa yin ƙasa da awa biyar ba. In kun bar Maraɗi ƙarfe 6 na safe, ku sa ran shiga Kano wajen 11. Kuma dole ku baro ta ƙarfe 2 na rana, don dalilin da na faɗa a amsar tsaro.

To ku ƙirga da kanku: awa goma a mota, awa uku a gari. Yinin nan da ake magana, awa uku ne. Wanda ya shirya da sanin haka zai dawo da murna. Wanda ya tafi da jerin wurare takwas zai dawo bai ga ko ɗaya da kyau ba. In akwai hali, abin da ya fi shi ne a tafi da yamma a kwana Katsina, ko a je da rana a kwana Kano, washegari a hau Dala da sanyin safiya. Amma na san akwai mai aikin da hutunsa kwana ɗaya ne tak, kuma saboda shi na rubuta wannan.

Wace hanya ake bi, kuma ina ake canza mota?

Hanyar da kowa ya sani: Maraɗi, Ɗan Isa, a tsallaka zuwa Magamar Jibiya, sai Katsina. Daga Katsina a bi ta Charanchi, Kankiya, Gidan Mutum Ɗaya, Tsanyawa, Bichi, a shigo Kano ta Dawanau. Wani lokaci ana samun mota mai zarcewa, amma yawanci a Katsina ake canzawa. Ƙaramar mota ta fi bas saurin cika, kuma ga mai awa uku kacal, wannan ya fi bambancin kuɗin muhimmanci. In ku huɗu ne ko biyar, ku biya kujerun da suka rage ku ɗauki shata. Rabin awar da za ku ɓata kuna jiran fasinja ɗaya, rabin awar Gidan Makama ce.

Sa'ar da muka yi ita ce hanyar Katsina ta ɓangaren Dala take shigowa. Ku ce wa direba ya sauke ku Ƙofar Ruwa, daga nan adaidaita sahu ta kai ku gindin dutsen. Kada ku tsaya neman kabu-kabu irin namu, tun 2013 aka hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birnin Kano. Agogo ɗaya muke bi da su, ba a ƙara awa ba a ragewa.

Waɗanne takardu zan riƙe?

Katin ɗan ƙasa wanda bai mutu ba, ko fasfo, da katin rigakafin shawara, wato mai ruwan ɗorawar nan. Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025, amma a ranar ƙungiyar ta sanar cewa ƙasashenta su ci gaba da karɓar takardun ƴan Nijar da Mali da Burkina Faso, su kuma bar su su shiga ba biza, har sai an yi wata sanarwa. Kalmar “har sai” ɗin nan ita ce abin lura. Iyakar nan an rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Don haka ranar jajiberin tafiya ku leƙa tasha ku tambayi direbobin da suka dawo a ranar, labarinsu ya fi na rediyo sabunta.

Yaron da ba naku ba, ko da ɗan ƙanwarku ne, ku nemi takardar izinin iyayensa da takardar haihuwarsa. Ku ɗauki hoton duk takardun a waya, ku bar kwafi a gida.

Maganar tsaro fa? Inna ta ce ba inda za ni.

Inna tana da gaskiyarta. Yankin Jibiya da kudancin Madarumfa sun sha fama da ƴan bindiga masu satar mutane da shanu, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Duk da haka motoci na bin hanyar kowace rana, kuma abin da masu binta suka yi ittifaƙi a kai shi ne kada dare ya same ka tsakanin Katsina da Ɗan Isa. Daga nan ƙarfe 2 ɗin da na ambata ya fito: ku baro Kano da 2, ku iso Katsina wajen 5, ku tsallaka iyaka da sauran rana. In an sami labarin tashin hankali a makon, a ɗage tafiyar. Dala ya fi shekara dubu yana nan, ba zai gudu ba.

A shingaye, ku bar direba ya yi magana. In an tambaye ku, ku amsa a taƙaice, da ladabi. Kada a ɗaga waya ana ɗaukar hoton jami'ai. A cikin Kano kuma matsalar ta ƙwacen waya ce, musamman a cunkoso da cikin adaidaita. Ku faɗa wa Inna lokacin da za ku kira ta, daga Katsina a zuwa da kuma a dawowa, ku cika alkawarin.

Wane wata ya fi, kuma wace rana za a guje wa?

Ni dai Oktoba da Nuwamba na zaɓa. Ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta taso ba, sama garau, daga kan dutse ana hango gari har ƙarshensa. Disamba zuwa Fabrairu akwai sanyi mai daɗin tafiya, amma ranar da hazo ya sauka za ku hau ku sauko ba ku ga komai ba sai fari fat. Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, ku kuma da tsakar rana za ku iso. Da damina matakala na santsi, lungunan Kurmi na caɓewa.

A ranaku, ku kauce wa Asabar ɗin ƙarshen wata, don ana tsabtar muhalli a Kano, ana hana zirga-zirga da safe har zuwa 10, cunkoson da ke biyo baya kuma sai ya cinye muku lokaci. Juma'a tana da daɗi in sallar Babban Masallaci kuke so, amma hanyoyin kusa da fada na toshewa, awa ukun za su koma biyu. Akwai kuma ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, da jama'a ke tururuwa su hau Dala. Abin kallo ne, sai dai ba ranar zuwa da yara ko tsofaffi ba ce.

Mu je da Sallah mu haɗa da kallon hawa mana?

Hawan Daushe da Hawan Nasarawa sun cancanci kallo, har UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a Disamba 2024. Amma Hawan Daushe da yamma ake yinsa, lokacin da ya kamata ku kasance a Katsina. Kuma tun da rikicin sarauta ya taso a Mayu 2024, an sha dakatar da hawan. Wannan tafiyar kwana ce, ba ta yini ba. Batun sarautar kuwa, baƙo ya kama bakinsa a cikin adaidaita, bai san ɓangaren da mai tuƙin yake ba.

Sefa zan riƙe ko naira?

Ku canza abin da zai ishe ku tun a Maraɗi ko a bakin iyaka. Wapa da ke Fagge ita ce matattarar ƴan canji a Kano, farashinta na iya ɗara na gida kaɗan, amma zuwa can da dawowa zai ci muku lokacin da ribar jaka ɗaya ko biyu ba za ta biya ba. Ku nemi ƙananan takardu, ƴan ɗari biyu da ɗari biyar, saboda adaidaita da ruwa da ɗan ihsani. Babbar takardar naira dubu ɗaya ce, don haka kuɗi kaɗan ma sai ya cika aljihu, ku raba shi gida biyu. Ku bar sefar kuɗin mota daga Ɗan Isa zuwa gida a wani aljihun daban.

Ban rubuta kuɗin mota ba da gangan. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a Mayu 2023, farashin da aka faɗa yau ba ya kai wata.

A awa ukun nan, me za a gani, kuma da wanne za a fara?

Uku: Dala, Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata. A haka kuma za a jera su. Dala na farko, don yana bakin hanyarku, kuma kowane minti rana ƙara zafi take. Daga nan adaidaita zuwa Gidan Makama, inda za ku ga ƙofar fada da Babban Masallaci a tafiya ɗaya, ku yi azahar a nan. Sai marina, sai tasha. Ku daidaita da mai adaidaita ɗaya ya zauna da ku duk tsawon lokacin, ku yanke kuɗin tun kafin ku shiga.

In lokaci ya ba da dama, gidan Mumbayya yana Gwammaja, kusa da Dala. Nan Malam Aminu Kano ya zauna, nan aka binne shi a 1983. Kurmi tana da tata amsar a ƙasa, ku karanta ta kafin ku yanke shawara.

Baba yana so ya zo, shekarunsa sun haura saba'in. Zai iya hawa?

Akwai matakalar siminti har sama. Matashi zai haye cikin minti biyar, dattijo mai lafiyar gwiwa ya yi ta a kwata, yana hutawa. Wasu matakan sun guntule, kuma a sama babu inuwa ko kaɗan. A riƙo masa laima da ruwa, a sa takalmi mai kama ƙafa, ba silifa ba. In yana da hawan jini ko ciwon zuciya, ko gwiwa na damunsa, ku samar masa wurin zama a gindin dutsen. Da muka je da wani kawuna, a benci ya zauna wurin wani mai shayi, kafin mu sauko sun gano cewa kakan mai shayin daga Tasawa ya zo. Har yau cewa yake ya fi mu more tafiyar.

In an hau, me ake gani?

Saman a baje yake, jar ƙasa ce da tsakuwa, ba wani gini na kallo. Abin kallon a ƙasa yake. Ku juya kudu maso gabas za ku ga korayen ƙubba da hasumiyoyi biyu na Babban Masallaci, wanda aka sake ginawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, bayansa itatuwan Gidan Rumfa. Ta yamma ga Goron Dutse, ɗan uwan Dala. Tsakaninsu rufin kwano ne iya ganin ido, mai tsatsa da mai ƙyalli, jefi-jefi soron ƙasa mai zanko da ya ƙi faɗuwa. A lokacin ne za ku gane abin da ba a ganewa daga ƙasa: hanyoyin cikin birni ba a miƙe suke ba, duk sun karkata ne zuwa Kurmi ko zuwa wata ƙofa, kamar yadda ƙafar fatake da jakuna ta shata su. Bature Barth, wanda ya zo Kano a 1851, daga kan dutsen nan ya zana birnin.

In kun yi sa'a kiran sallah ya same ku a sama, ku yi shiru ku saurara. Wani ladani zai fara daga can nesa, wani ya karɓa kusa, kafin minti guda garin gaba ɗaya ya ɗauka, ba ka iya raba murya da murya.

Sai dai in faɗa muku gaskiya don kada ku ce ban faɗa ba. Wurin bai sami kulawar da ta dace da shi ba. Akwai shara da ledoji, zaizaya ta ci gefuna, gidaje sun matso har jikinsa. Yara za su biyo ku, wani zai ce shi ne mai nuna wuri. Ku zaɓi ɗaya, ku sallame shi da abin da ya samu, kuma kada mutum ɗaya ya hau shi kaɗai.

An ce wurin tsafi ne. Ya halatta Musulmi ya je?

Ni ba malami ba ne, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa. Abin da tarihi ya kawo shi ne, kafin Musulunci mutanen wurin suna bauta wa Tsumburbura, babban bokansu kuma Barbushe ne, wanda a kan Dala yake zaune. An ce ba ya saukowa sai a ranakun idi biyu, ya shiga wurin tsafin, wata itaciya da aka kewaye da katanga, ya fito ya faɗa wa jama'a abin da zai faru. An ce kuma da sanda yake kashe giwa ya ɗauko ta a ka. Wannan na ƙarshe kowa ya auna da hankalinsa. Sarki Tsamiya ne ya rushe wurin tsafin a ƙarni na 14.

Yau ba abin da ake yi a kan dutsen sai kallon gari da ɗaukar hoto, kuma masallatai ne kewaye da shi. Mu da muka tashi muna jin labarin Anna da bori a ƙasar Maraɗi da Tsibiri, ba baƙon labari ba ne a wurinmu.

Ganuwar da ake ta faɗa, ina take?

Kanawa badala suke ce mata, in kun tambaya da wannan sunan za a fi saurin nuna muku. Yawancinta ta tafi. An ɗebi ƙasarta an yi gini, an yanka filaye a kanta, ruwa ya cinye saura. Ƙofofin da kuke gani, irin su Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Mata, an sake gina su don motoci su wuce. Inda ta fi saura shi ne ɓangaren yamma da kudu, wajen Ƙofar Dukawuya da Gadon Ƙaya da Na'isa, kuma ba kan hanyarku ba ne. Ku wadatu da abin da za ku hango daga adaidaita, da tsofaffin ƙyamaren da ke Gidan Makama.

Akwai abin da ya shafe mu a nan. Bayan jihadi, sarakunan Haɓe na Katsina sun dawo arewa suka kafa Maraɗi, kuma a ƙarni na 19 mahayan Maraɗi, musamman a zamanin Ɗan Baskore, sun sha kai hari ƙasar Katsina da ta Kano. Wato cikin waɗanda ake rufe ƙofofin garuruwan ƙasar Kano dominsu, har da kakanninmu. Birnin kansa bai faɗa hannun mahayan Maraɗi ba, Turawan Ingila ne suka ci shi a Fabrairu 1903, da suka zo da igwa. In wani Bakano ya tsokane ku da “ƴan Faransa”, kuna da abin mayar masa.

Ana barin baƙo ya shiga fada da Gidan Makama?

Gidan Makama gidan tarihi ne, ana biyan ɗan kuɗi a ƙofa a shiga. An gina shi a ƙarni na 15, an ce Rumfa ya zauna a ciki lokacin yana Makama, kafin ya zama sarki. A ciki akwai ƙyamaren ƙarfe na tsofaffin ƙofofi, sulke da lifidi, kayan kiɗan fada, da hotunan zamanin Turawa. Amma ni abin da na fi so mutum ya kalla shi ne ginin kansa. Ku ɗaga kai a cikin soro ku ga bakan gizo na azara da ƙasa, ku lura da sanyin ɗakin alhali waje na ƙuna. Minti 40 ya isa. Ku tambaya kafin ku ɗauki hoto.

Fada kuwa gidan mutane ne, ba gidan kallo ba. Za ku iya tsayawa a filin Ƙofar Kudu ku ga ginin da dogarai cikin ja da kore. Shiga ciki sai da izini da shiri tun kafin ranar.

Marinar Ƙofar Mata, ba ramuka ne kawai ba?

Ramuka ne, ana cewa tun 1498 suke. Da yawa sun bushe, kaɗan ne ke aiki. Amma ku tsuguna kusa da ɗaya mai aiki. Ruwan ciki baƙi-baƙi ne da kumfa mai ƙyalli a sama, warinsa kuma sai an daure. Baba ne da toka da katsi aka jiƙa, aka bar su makonni suna ruɓa. Marini zai tsoma ƙyalle ya ɗago, ku gan shi kore-kore, kafin ya gama matse shi iska ta mayar da shi shuɗi a kan idonku. Haka zai yi ta tsomawa yana ɗagowa, yawan tsomi shi ne duhun launi. Hannunsa har gwiwar hannu ya rine, ba sabulun da ke fitar da shi.

A gefe za ku ji ƙarar bugu, maza na dukan yadi da manyan tabare a kan gungume har ya yi sheƙi. Irin wannan aikin ne ke ba da turkuɗin da Buzaye ke naɗawa, wanda ya fi fitowa daga Kura, kudu da Kano, ya biyo ta garuruwanmu zuwa Agadas. In kun ɗauki hoto ku sayi ko ɗan ƙaramin ƙyalle ne. Su ma da shi suke cefane.

Tunda an zo, ba za a ɗan leƙa Kwari ko Kurmi a yi sayayya ba?

Kwari, a'a. Na taɓa yarda sau ɗaya. Wata yayata ta ce, “Minti goma kawai, atamfa ɗaya zan ɗauko.” Mun fito ƙarfe 4 da ƙunshi uku, muka iso Katsina ana kiran isha'i, muka kwana a ɗakin wani ɗan uwa da bai san da zuwanmu ba, aka yi ta tayar da yara ana ba mu tabarma. Sari tafiyarsa daban.

Kurmi kuwa tarihi ce da kanta, a nan ayarin Sahara ke sauke kaya, kuma sunayen unguwannin da ke kusa sun isa shaida: Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus suka zauna. Lungunanta ƙunci gare su, baƙo na ɓata cikin sauƙi. In kuna sonta, ku musanya ta da marina, kada ku ƙara ta a kai. Ku shiga da ɗan gari, ku nufi ƴan dukawa ko ƴan sirdi kai tsaye, ku fito.

Me za a ci?

Gurasa. Bandashe da ƙuli da mai da albasa, ko gurasa da tsire, ana samu a kowace kusurwa, kuma ba ta ɓata lokaci. Ku karya tun a gida, ku riƙo ruwa da dabino. Kilishi kada ku wahalar da kanku, wanda ya san na Gidan Rumji da Madawa ba shi da abin nema a can.

Wayata za ta yi aiki?

Layin Nijar na ɗaukewa jim kaɗan bayan Jibiya, sai in an buɗe masa yawon ƙetare, shi kuma yana cin kuɗi. Sayen layin Najeriya na yini ɗaya ɓata lokaci ne, don sai an yi masa rajista. Mafi sauƙi, a cikin tawagar a sami mai layin Najeriya, irinsu ba su da wuya a Maraɗi. Ku rubuta lambarsa da ta mai adaidaita a takarda, kowa ya sa a aljihu, ku kuma yanke wurin haɗuwa in an rabu.

In tafi da motata, ko in jira jirgin ƙasa?

Motar kai tana ba da ƴancin lokaci, amma tana ƙara takardu: na mota, inshorar ƙetare, da takardar shiga ta duwan, kuma mota mai lambar waje an fi tsayar da ita. Wanda bai saba tuƙi cikin adaidaitan Kano ba ya ajiye ta Katsina.

Jirgin kuwa, an ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi a Fabrairu 2021, mai tsawon kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da ya fara ɗaukar fasinja, rabin amsoshin nan za su canza. Kafin nan, lissafin awa ukun na nan daram.

In Kano ta yi mana nisa, akwai makamancinta kusa?

Katsina. Ba ta da dutse, amma tana da hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai kimanin mita 15 da ya haura shekara ɗari biyar, da Ƙofar Soro, da tsohuwar kwalejin da aka buɗe a 1922, kuma ga Bamaraɗe gidan kakanni ne. Za ku sami yini cikakke, ku dawo da la'asar. Ga masu son kai ƴan makaranta, nan nake ba da shawara a fara. Wanda kuma ba ya son tsallaka iyaka, Damagaram na nan, da unguwar Birni da fadar sarki da manyan duwatsunta, sai dai nisanta ya kusa na Kano.

In duk da haka lokaci ya ƙwace mana fa?

In ƙarfe 3 ta yi kuna Kano, ku tafi Katsina ku kwana can. In 5 ta yi ba ku tashi ba, ku kwana Kano, akwai masaukai a Fagge da Sabon Gari, akwai kuma ƴan Maraɗi da yawa a garin. Saboda haka ne nake cewa kowa ya riƙo kuɗin kwana ɗaya da rigar canji, ko da bai yi niyyar kwana ba. Kada ku bari wani direba ya lallashe ku da cewa ya san hanya, zai kai ku Ɗan Isa cikin dare. Ku kira gida ku faɗa musu inda kuke. In Kano kuka kwana, ku yi asuba ku koma Dala kafin rana ta fito, ku sauko ku nufi Ƙofar Ruwa, motar farko ta Katsina ba ta jimawa take cika.